Injin Baban Mshenga

Ni dai ban taɓa riƙe sandar kamun kifi ba, amma shekara talatin da biyu na yi ina sauraron inji ɗaya, har na san tarinsa da atishawarsa. Na mijina ne, Shebwana, Allah ya jiƙansa. Tsohon injin dizal ne baƙi ƙirin, an ɗaure shi da manyan ƙusoshi a cikin jirgin katako. Sana'ar mai gidan ita ce ɗaukar baƙi daga nan Shimoni, ya kai su zurfin teku wajen Pemba neman nduwaro, kifin nan mai baki kamar mashi da ya fi ƙaton namiji tsawo.

Da la'asar mu mata mukan zauna bakin gaɓa muna tsintar shinkafa. Duk jirgin da ya samu nduwaro yakan ɗaga shuɗiyar tuta, don haka kowa idonta na kan ruwa. Ni ban da ni. Tun jirgin Shebwana bai ɓullo daga bayan tsibirin Wasini ba nake jin sa, dum, dum, dum, kamar ana daka a gidan maƙwabta. Can sai ya rage murya ya karyo wajenmu. Wannan rage muryar ke tayar da ni in je in ɗora shayi.

"Mwanaidi, wai mijin kike so ko injin?" in ji mata.

"Duka biyun. Amma injin ba ya gardama."

Shebwana yakan ce ba ƙugiya ke kiran nduwaro ba, katako ne. Bugun injin yana bi ta jikin jirgi ya sauka ƙasan ruwa, kifin ya ji kamar garken ƙananan kifaye ke motsi a sama, sai ya taso ya duba. Kullum da safe yakan dafa bakin sukundireba a jikin injin, ya ciji ƙotar da haƙora, ya rufe ido. In ya ji wata siririyar ƙara irin ta sauro, ranar ba fita, ko baƙi daga wace uwa duniya suka zo. Haƙoransa biyu na gaba a nan suka tafi.

Bayan rasuwarsa ɗanmu Mshenga ya karɓi jirgin. Ko shekara ba a yi ba ya sa aka ciro injin, aka rataya wasu farare guda biyu masu shan fetur a bayan jirgin.

"Inna, baƙi sun gaji da warin dizal, amai suke ta yi. Tafiyar awa biyu yanzu rabin awa ce."

"Kifin fa, ka tambaye shi?"

"Haba Inna, kifi kunne gare shi?"

"Kai da ke da biyu manya, me ka ji da su?"

Ya yi dariya ya sumbaci hannuna. Aka ajiye injin ƙarƙashin mangwaron gidanmu, aka rufe da tamfol. Kowace Juma'a nakan goge shi da man kwakwa. Abu ɗaya na roƙi yaron nan: kafin in bi ubansa, ya mayar da injin, ko sau ɗaya ne in ji ya rage murya ya karyo gida.

Iskar arewa da muke kira kaskazi ta zo, lokacin nduwaro ke nan. Sababbin injinan suna kuka kamar zuma ta fasa amya, farfelarsu na tayar da kumfa fari fat, har kifin robar da ake ja a baya ya ɓace a ciki. Wata uku cur Mshenga bai ɗaga shuɗiyar tuta ba. Abokansa in sun gan shi sai su ce, "Ga sarkin gudu nan! Kullum shi ne na farko a wurin da ba kifi."

Na je biki Lamu na yi kwana tara. Da na dawo, ba komai a gindin mangwaro sai shatin mai a ƙasa.

"Malam Faki na ba wa," in ji Mshenga, idonsa a ƙasa. "Injinsa ya mutu, ga 'ya'ya bakwai. Namu kuma tsatsa kawai yake ci."

Faki abokin Shebwana ne, da jirginsa yake dakon kwakwa daga Pemba zuwa Vanga. Tamfol ɗin na ninke na sa ƙarƙashin gado.

Bayan mako biyu sai ga Faki da kansa a ƙofar gida, yana haki, ko sallama bai ƙarasa ba.

"Matar yaya, injin mijinki aljanu gare shi! Nduwaro biyu suka biyo ni jiya, ɗaya har yana goga baki a jikin jirgi. Ni da kwakwa! Ba ƙugiya, ba igiya. Sai na ce masa, bawan Allah, mai gidan ya rasu, ka yi haƙuri."

Mshenga yana zaune da kofin shayi a hannu, ya kasa kai shi baki. Da Faki ya tafi ya ce, "Inna, gobe zan je in karɓo shi. In ba shi ɗaya daga cikin nawa."

Wallahi raina ya so. Har na ji dum ɗin nan a ƙirjina. Amma na san farin injin nan ba zai ja jirgi cike da kwakwa ba, fetur ɗin da zai sha kuwa ya fi ƙarfin Faki. Na tuna da yara bakwai.

"Bar masa," na ce. "Ubanka bai taɓa karɓe kyauta ba, ba kuwa za a fara da injinsa ba. Je ka nemi wani dizal ɗin."

Ya samo wani a Mombasa, aka ɗaure shi a katakon kamar na da. A kaskazin da ya biyo baya, ya ɗaga shuɗiyar tuta har sau biyar. Yanzu shi ma da safe za ka gan shi da sukundireba a baki, na ce ya dai yi hankali da haƙoran. Injinsa ba laifi, sai dai bugunsa na da garaje, irin na mai sauri ya gama magana.

Talata da Juma'a jirgin Faki ke wucewa ta gabanmu. Tun yana bayan Wasini nake jin sa, sai in ajiye faifan shinkafa. Yana zuwa daidai inda Shebwana ke rage murya, ni kuma sai in riƙe numfashi. Ba ya ragewa. Haka yake miƙewa Vanga, dum, dum, dum, har ya yi nisa. Sai na daina jin sa sam, sannan in tashi in je in ɗora shayin.