Katin Da Ba Shi Da Littafi

Shekara goma sha tara ke nan hannuna yana kan mariƙin ƙofar nan. Ni ne mai binciken da ke cikin littafin, kuma a shafi na ɗari da arba'in marubucina ya ajiye alƙalami ya bar ni, ƙafa ɗaya a gaba, ɗaya a baya. Shayin da na bari a babi na shida har yau bai huce ba. Ku gaya mini tsakani da Allah, haka ake yi wa mutum?

Aikin da ya ba ni ba shi da yawa. Wata mata ce ta ɓace daga laburare da rana tsaka. Kullum takan zauna a teburin da ke jikin taga tana saƙa, tana jiran a tashi. Ran nan sai aka tarar da kujera, da zare, da kwarashi, ita kuwa ko ƙyallinta. Na tuhumi mai gadi, na tuhumi mai shara, na tuhumi wani malami mai tari da ke gyangyaɗi a kan jarida. Kowa ya wanke kansa tas. Sai aka rubuta cewa amsar tana ɗakin katuna. Na je, na kama mariƙi, shi ke nan.

Kada ku ɗauka wani babban marubuci ne ya yi ni. Ma'aikaci ne a wannan laburaren, mai rubuta katunan littattafai. Kowane littafi da katinsa, kowane kati da gurbinsa a doguwar durowar katako, an zura musu ƙarfe ta huda don kada su zube. Da hannu ya rubuta ni, ya ɗinke ni da koren ƙyalle, ya cusa ni a kantar ƙasa ba lamba. Mutumin da ko ƙasida ba ya bari ba lamba!

A duniyarmu kullum la'asar ce. Ƙura tana rataye cikin hasken taga, ba ta sauka. In wani ya buɗe littafin, sai rufin ya yaye, wata babbar fuska ta leƙo. An daɗe ba a yaye ba sai ranar Alhamis, kuma fuskar 'yar marubucina ce.

Ita ke kawo shi yanzu da yamma. Ya tsufa, ƙwaƙwalwa ta fara zuba. A gida yakan nemi takalminsa yana sanye da shi, amma da ya shaƙi ƙamshin tsohuwar takarda sai ya natsu. Na ji shugabar laburaren tana gaya mata cewa ranar Litinin za a kwashe durowoyin katuna, tunda komai ya koma kwamfuta, in akwai abin babanta ta ɗauka. Garin dube-dube ta ci karo da ni.

Ta zauna kusa da shi tana karanta masa ni a bayyane. Shi kuwa gogan naku ya karkace kai yana saurare kamar baƙo, har yana yabon marubucin, wai ya san laburare. Da ina da iko da na mayar masa da magana.

A babi na uku ta ɗan dakata da karatun. Nan ne na leƙa ƙarƙashin teburin taga na ga wata yarinya tana barci, zaren saƙa a naɗe a yatsanta. Ita ce, matar da ta ɓace kuwa mahaifiyarta. Shekararta tara a lokacin, ta farka ba uwa, aka ce mata ta yi tafiya. Ba ta taɓa samun bakin tambayar dalili ba, ga shi mutum ɗaya da ya sani yana mantawa a gabanta. Tausayinta ya kama ni, har na manta da ciwon hannuna.

Ta kai shafi na ɗari da arba'in, ta juya, fari fat.

"To, wa ya ɗauke ta?" in ji shi.

"Baba, kai fa ka rubuta. Ina ka sa ƙarshen?"

Ya ɓata rai. "Uwata, ni ban taɓa ajiye abu inda ba wurinsa ba."

Sai ta miƙe, ina buɗe a hannunta, ta nufi ɗakin katuna. Ta bi haruffan da ke goshin durowoyin da yatsa har ta kai harafin farko na sunan mahaifiyarta. Tana jan durowar, wallahi sai na ji mariƙin da ke hannuna ya juya.

Katin yana nan a gurbinsa, tsakanin wani littafin noma da wani na taurari. Sunan matar ne a sama. Wurin lambar littafi ba komai. A ƙasa, da ƙananan haruffansa masu tsafta, ya rubuta:

"Ba wanda ya ɗauke ta. Ta tsaya a gaban teburina da jakarta, ta kira sunana sau uku. Na ce bari in gama wannan katin. Wannan ne katin."

Ta zare ƙarfen, ta ciro shi, ta karanta har sau biyu a tsaye. Ta yi kuka, ba mai sauti ba, ta share da bakin mayafi. Ni kuwa ashe wanda nake nema shekara da shekaru, hannunsa ne ya rubuta ni. Na so in yi fushi, fushin ya ƙi zuwa.

Da ta koma, ta same shi ya sunkuya yana daidaita gefen wasu takardu.

"Baba."

Kira ɗaya ya ɗago.

"An gano shi?"

"An gano shi, Baba. Tashi mu je gida."

Ta sa katin bayan shafi na ɗari da arba'in ta rufe ni. Ƙofar ta buɗe, na shiga. Ga tebur, ga mutum ya duƙufa a kan kati, ga mace tsaye da jaka, ta riga ta kira sau biyu. Kama shi ne aikina, na sani. Amma tun ranar ina tsaye a bayansa, ina ta gyaran murya ko zai ɗago.