Gayya a Ƙofar Alhaji Idirisu

Kai mai karatu, ka ga yashin nan, kada ka ce ba ka gani ba. Kowace damina ruwa yana kwaso shi ya jibge a gefen kwaltar unguwar Zango. Mai mota ya wuce abinsa, mai keke kuwa ko ya kutsa cikin 'yan kabu-kabu masu babura ko ya kife. An kife a gabanka, ka ce "sannu", ka juya ka ci gaba da kurɓar shayinka.

A nan ƙanwata Ramlatu ta faɗi tana hanyar lise, makarantarsu ta sakandare. Gwiwa kawai ta goge, amma Baba ya ɗauke keken ya rataye a zaure.

"Ba ki ƙara hawa sai na ga gefen hanyar nan fes da idona," in ji shi.

"Baba, lise fa can ƙarshen gari take. A ƙasa kullum sai an rufe ƙofa nake isa."

"Ki gaya wa yayanki Suma'ila. Ba shi ne shugaban masu keke ba?"

Gatse ne, amma da gaskiyarsa. Ni ne shugaban 'yar ƙungiyarmu ta masu hawan keke, kuma mun sha zagayen biro-biro, ofisoshin hukuma, har takalmanmu sun suɗe. Ko'ina sai a ce ana dubawa. Wa ke dubawa? Yashi dai yana nan yana ƙiba. Da haushi ya ishe ni sai na je gidan rediyo na yi shela: ranar Lahadi akwai gayya a Zango, kowa ya zo da felunsa na kwasar yashi.

Na zaci mu ɗin dai za mu haɗu, 'yan lakwal, wato 'yan boko. Ran Lahadin da hantsi sai ga Kawu Nomau, ƙanen mahaifiyarmu, daga ƙauyen Durum, da manoma a bayansa jere kan kekuna, hauyoyi ɗaure a kariya. Su ma ta nan suke kawo gyaɗa kasuwa, sun san ɗanɗanon yashin. Har makaɗin gangar noma suka goyo, wani dogo mai suna Ɗan Azumi.

Kawu ya sauka ya waiga hagu da dama. "To, ɗan boko, ina furar?"

"Wace fura, Kawu?"

"Kai! Ka kira gayya ba fura? A garinku haka ake yi? Mai gona shi ke shayar da 'yan gayya, in babu kowa ya hau kekensa ya koma."

Manoma suka fara gunaguni. Wani har ya juya kan kekensa.

Ramlatu ta matso da ɗingishinta. "Kawu, ai Yaya ba shi da gona a nan. Gona ta mai ƙofa ce." Ta nuna da haɓa.

Tudun yashi mafi girma yana daidai ƙofar butik, wato shagon Alhaji Idirisu mai atamfa. Mun taɓa roƙonsa ya sa a kwashe, ya ce yashin Allah ne, wanda ya kawo shi zai ɗauke. Yana zaune kan kujera yana kallonmu kamar wasan yara.

Ɗan Azumi bai jira komai ba. Ya rataya ganga ya je ya tsaya a gabansa.

"Mai gona, mai gona! Idirisu bijimin Zango, ka kira maza sun amsa! Gonarka ba ta kwana da ciyawa!"

"Ni? Yaushe na kira..." Alhaji ya miƙe. Amma kasuwa ta riga ta taru, mata suna guɗa, maƙwabta suna "A gaishe ka, Alhaji!" Wa zai ƙaryata kirarinsa a bainar jama'a? Ya gyara hula, ya yi gyaran murya, ya ce a kira Tani mai fura ta kawo duk abin da ke ƙwaryarta, a haɗo da goro.

Habawa! Hauya ta sauka, felu ya bi baya, amalanke na kwasa. Da mai butik na gaba ya ji ana wasa Alhaji shi kaɗai, sai ya aika a sayo ƙosai, ya ce ai shi ma ƙofarsa gona ce. Haka gangar ta riƙa tafiya ƙofa ƙofa. 'Yan kabu-kabu da ke mana dariya suka faka, wai sun zo shan fura, Kawu ya danƙa wa kowa hauya.

Bayan azahar Baba ya iso, yana turo keken Ramlatu. Ya bi gefen kwaltar yana shafawa da ƙafa kamar mai sayen tabarma. Can sai ya naɗe babbar riga ya haye.

"Malam Mahamud, rabonka da keke tun kana saurayi!" Kawu ya ɗaga murya. "Kada mu kwashe yashi mu koma kwasarka!"

Baba ya yi tangal-tangal, ya miƙe, ya kai har kwanar kasuwa ya dawo yana haki, dariya har kunne. Ya miƙa wa Ramlatu kan keken.

"Burkin baya ya yi sanyi. A ɗaure shi kafin gobe."

Ta karɓa ta yi gaba tana buga ƙararrawa, ɗingishin ma ta manta da shi.

Layi ɗaya muka share, ɗaya tak, a gari mai girman Damagaram. Hanyar asibiti tana nan a cushe, ta tasha ma haka, kuma a kowace akwai 'yar wani da ke taka feda tana addu'a. Ba mu da gangar da za ta zagaya kowace unguwa tana lallashin mutane. Tashi ka leƙa ƙofar gidanka yanzu. In akwai yashi a bakin kwalta, naka ne. Ari felu, kira maƙwabcinka, ku kwashe shi kafin Lahadi.