Awon Husaina

Shekarar da ruwan dam ɗin Bakolori ya ci gonaki, aka kira malaman firamare kwas a Talata Mafara. Malam Falalu, mai koyarwa a wani ƙauye kusa da Maradun, ya dawo yana rawar kai kamar shi ya ƙago abin. Wai an daina jiran jarrabawar ƙarshen shekara. Duk Alhamis za a kira yara ɗaya bayan ɗaya, kowa ya karanta abin da aka koya a makon, malami ya ɗiga masa alama a kwali ya ja layi. In layin ya hau, madalla. In ya kwanta, malami ya sake salo.

Da fari ya sha wuya, ya ɓata kwali ya fi a ƙirga. Amma da hannunsa ya faɗa, sai ga amfanin abin. Akwai wata Husaina da ya ɗauka daƙiƙiya ce. Ashe daga bayan aji ba ta ganin allo! Ya maido ta gaba, layinta ya kama hawa kamar dawa a damina.

Ran nan sai ga ubanta, Gajere, a ƙofar aji. Gonarsa tana ƙarƙashin ruwa, matarsa da Hassana sun riga mu gidan gaskiya, Husaina kaɗai ta rage masa. Bayan doguwar gaisuwa ya nuna kwalin da ke bango.

"Malam, an ce awon yara kaka yi."

"Awon karatu ne, Malam Gajere."

"Haka mutanen dam sunka yi. Sun kira mu ɗaya ɗaya, sun auna gona, sun ɗiga alama. Abin da gwamnati ta auna, ɗauka za ta yi. Ba ni ɗiyata."

Falalu ya yi dariya, dariyar ɗan boko mai ganin kowa baƙauye. Ya dafa ƙirji ya rantse da Allah babu mai taɓa Husaina. Gajere ya ce, "To, tunda ka sa Allah," ya tafi ya bar ta.

Kaico! Da Falalu ya sani, da ya haɗiye rantsuwar nan.

Bayan kaka mai duba makarantu ya iso da mota. Ya yaba wa Falalu, ya ce duk yankin babu wanda ya iya dabarar kamarsa. Ana neman 'yan mata masu ƙoƙari a makarantar kwana ta birni, kuma kowane ƙauye dole ya ba da. Bai ma tambayi kowa ba. Ya dubi kwali, ya ɗora yatsa a layin da ya fi tsawo, na Husaina.

Falalu ya roƙa har muryarsa ta dushe. Mutumin ya ce, "Haba Malam, da hannunka fa ka zana."

Ranar tafiya Husaina ta yi kuka har motar ta ɓace.  Da la'asar Gajere ya zo makaranta, yana jan wata ramammiyar akuya. Ya gaida Falalu, ya tambayi aiki da iyali, bai tsallake komai ba. Kunya ta hana Falalu ɗaga kai.

Sannan Gajere ya miƙa masa igiyar.

"Malam, ita ta rage. Auna ta."