Haƙoran 'Yar Amurka

Malam Datti ya ɗaga buhun da ya jingine a bangon rumfa, ya ji shi sakayau. Ya zazzage shi ƙasa. Ba abin da ya faɗo sai tsumman da yake goge-goge da shi.

"Hajo," ya kira matarsa, bai ko juya ba. "Ina ragar gaban motar nan?"

Hajo ta fito daga madafi tana goge hannu da gefen zane. Yadda ta tsaya nesa da rumfar ya isa ya gaya masa cewa ta san amsar, kuma amsar ba mai daɗi ba ce.

Motar tana nan a rumfarta, doguwa, shuɗiya, an lulluɓe gilasanta da tsofaffin jaridu saboda fenti. Chevrolet ce ƙirar Impala ta 1964. Wani attajirin gyaɗa na nan Gaya ne ya sayo ta tun zamanin da ake tara dalar gyaɗa a Kano. Da ya rasu magada suka bar ta a gindin darbejiya, kaji suna ƙwai a kujerunta, har Datti ya zo ya janyo ta gida da tarakta, lokacin yana malamin gona. Tun daga ranar ba shi da Asabar ba shi da Lahadi. Wasu su tafi majalisa, wasu su tafi kallon ƙwallo, shi yana kwance a ƙarƙashinta yana fama da kusoshin da suka yi tsatsa tun kafin ya yi aure. Unguwa ta yi masa dariya har ta gaji, ta raɗa wa motar suna 'Yar Amurka, ragar alminiyum ɗin da ke gabanta kuma aka ce haƙoranta ne.

Waɗannan haƙora su suka fi cin ransa. Saniya ta taɓa tunkuyinsu suka lotse. Ya zagaye Ƙofar Ruwa a Kano lungu-lungu yana neman irinsu, masu kayan gyara suna kallonsa kamar ya zo sayen ƙahon zomo. Da ya tabbata babu, sai ya zauna ya miƙe sandunan ɗaya bayan ɗaya da guntun katako da ƙaramar guduma naɗe da tsumma. Aikin ya ci masa damina da rani. Makon jiya ya kwance ragar don ya fesa wa gaban motar fenti, saboda 'yarsa Khairiyya ta roƙe shi da bakinta cewa ranar da za a kai ta gidan mijinta a Gafasa, a 'Yar Amurka take so a kai ta. Ya yi mata alkawari, har yana cewa za ta ga fuskarta a jikin haƙoran.

"Yaya Tukur ne ya shigo da safe, bayan ka tafi gona," in ji Hajo. "Tattara dalma ake yi ta tukunyar biki."

Datti ya san al'adar, a cikinta aka haife shi. A gidansu duk 'yar da za ta yi aure, dattijon gidan ne yake bi sashe-sashe yana kwashe duk wata tsohuwar dalma da ya gani, fasassun kwanuka, karyayyun ludaya, gwangwanayen lemo, ya kai wa maƙeri a Ajingi a narka, a zuba wa amarya babbar tukunya, don kowane sashe ya zama yana da hannu a girkinta. Ba a tambayar kowa. Tambaya ma raini ne, kamar ana zaton mutum zai hana.

"Ke kuma kika tsaya kina kallo?"

"Na yi magana, Malam. Na ce, 'Yaya, anya wannan ba na motar Malam ba ne?' Ya ce abin da yake na mota a jikin mota yake zama, wannan kuwa a buhu ya same shi. To me zan ƙara? Yayanka ne. Ni zan kama buhu in ja da shi?"

Gaskiyarta ce, kuma gaskiyar ita ta ƙara tunzura shi. Ya kira wayar Yaya Tukur, a kashe. Wayar dama ta fi zama a wurin mai caji fiye da aljihun mai ita. Ya tura babur ɗinsa waje. A zaure ya tarar da buzun yayan nasa ba kowa a kai, an ce ya wuce garin Balan yin ta'aziyya. Garin sauri saura kaɗan ya yi ƙwallo da tsohuwar butar dalmar da Alhaji Tukur ya zo da ita daga Makka, wadda ta daɗe tana yoyo amma kullum tana gefen buzun. Ya tsallake ta, ya tayar da babur, ya kama hanyar Ajingi.

Duk tsawon hanyar magana yake shiryawa. Gonaki sun cika da masu roron gyaɗa, wasu da suka san shi suna ɗaga masa hannu, bai ga kowa ba. Yayansa kawai yake gani, yana gaya masa abin da bai taɓa gaya masa ba. Zai ce, Yaya, shekara nawa kana wucewa ta gaban rumfar nan kana ganina a durƙushe? Ko sau ɗaya ka taɓa tambayata me nake yi? Zai ce, kai da ka ce wasa ne, ɓata lokaci ne, na yi shiru. Ka ce man da take sha zai ciyar da gida, na yi shiru, don ban taɓa zuwa sashenka roƙon hatsi ba. To shirun nawa ne ya sa kayana suka zama bola? Ya gyara wannan jumla, ya sauya waccan, har ya kai ga wata mai zafin da shi kansa sai da ya ce astagfirullah. Mutum ya haura sittin, yana da furfura har a gira, amma a gidan ubansa har yanzu ƙaramin yaro ne da za a shiga sashensa a ɗauki abin da aka ga dama.

Ranar kasuwa ce, Ajingi ta cika. Ya kutsa ta tsakanin motocin hatsi da masu awaki har bayan rumfunan gyaɗa, inda hayaƙin gawayi yake tashi. Nan Kamalu maƙeri yake sana'arsa, matashi ne da danginsu suke kai wa zubi tun mahaifinsa yana raye. Yana tsugune yana danna jiƙaƙƙen yashi cikin akwatin katako, wutarsa tana ci a gefe.

"Baba Malam, sannu da zuwa. Ai da ka huta, da yamma zan aiko da ita."

"Kayan da Yaya Tukur ya kawo. Akwai wata raga doguwa a ciki, mai ƙyalli. Tana ina?"

Kamalu ya washe baki. "Wannan ai ita ta gyara zubin. Wallahi Baba tun da nake ban taɓa narka dalma mai kyanta ba, ko kumfar ƙazanta ba ta yi. Sai da na sassare ta da gizago kafin ta shiga tukunyar narki, don tsawonta."

Ya nuna da haɓa. Can a inuwa wata ƙatuwar tukunya tana zaune a kan yashi, sabuwa fil, irin wadda take cinye rabin buhun shinkafa. A cikinta kusa da baki an zuba suna da manyan haruffa, KHAIRIYYA DATTI.

Datti ya je ya tsuguna a gabanta. Ya ɗora tafinsa a jikinta, da sauran ɗuminta. Ya shafa ko'ina, kamar mai neman inda sanda ɗaya ta tsira. Sumul take.

"Gizago," ya ce a hankali. Sannan ya miƙe ya juyo ga Kamalu. "Kai Kamalu, an kawo maka abu a miƙe, an goge shi yana ɗaukar ido, ba tsaga ba lotsawa, a tsakiyar fasassun kwanuka. Bai zo maka a rai ba cewa wani ne ya zauna ya wahala a kansa? Ba ka da waya? Ba ka san gidana ba?"

Murmushin Kamalu ya ɗauke. "Baba, kullum ana kawo mini kayan mota. Kuma dattijo ne ya kawo da hannunsa, ya ce na gidansu ne. Ni wa ne ni da zan ce wa Alhaji ina ya samo?"

Masu wucewa sun fara rage tafiya. Datti ya haɗiye sauran maganar, don ya ga abin da ya fi ba shi haushi. Daga Hajo har Kamalu ba wanda ya yi laifi, kowa ladabi ya yi. Ladabi ne ya ɗauki aikinsa daga rumfa ya kai shi wuta, ba wanda ya tsaya a hanya.

Kamalu ya lalubo wani abu a cikin toka ya miƙo masa da hannu biyu. Ƙananan maƙalan ƙarfe ne da kusoshinsu, waɗanda suke riƙe ragar a jikin mota. "Waɗannan baƙin ƙarfe ne, ba sa narkewa a nan, na cire su. Ka yi haƙuri, Baba, ban sani ba. Kuma murfi bai samu ba, dalmar ta ƙare. Na gaya wa Alhaji."

Datti ya zuba maƙalan a aljihu. Ya ɗaure tukunyar a bayan babur da roba, ya juyo gida tana ƙara a duk ramin da ya faɗa.

Bayan la'asar ya iso. Alhaji Tukur ya dawo daga Balan, yana zaune a buzunsa a ƙofar zaure da carbi a hannu, maƙwabta biyu suna taya shi hira. Da ya hango tukunyar fuskarsa ta cika da fara'a.

"A'a, Datti, da kanka ka je? Sauke mu gani. Ma sha Allah. Kun ga aiki? Duk 'ya'yan gidan nan ba wadda ta samu irin wannan."

Datti ya sauke ta, ya cire takalmi, ya durƙusa a gefen buzun kamar yadda yake yi tun yana yaro. Maganar da ya shirya tun daga Gaya har Ajingi, ya sake gyara ta daga Ajingi har Gaya, tana nan a maƙogwaronsa. Ya dubi maƙwabtan, ya dubi farin gemun yayansa, mutumin da ya riƙe shi bayan rasuwar mahaifinsu, wanda kuma shi zai ba da auren Khairiyya.

"Sannu da ƙoƙari, Yaya," ya ji bakinsa ya ce. "Allah ya saka da alheri."

"Amin, amin. Ai yi wa kai ne." Alhaji Tukur ya ƙwanƙwasa tukunyar da yatsa, ya saurari amonta. "Yaron nan ya ce wannan ƙarfen da na samu a rumfarka shi ya yi aikin. Ka ga abu yana zube ba amfani, yau ya zama abin da jikokinka za su ci tuwo a ciki. Saura murfi. Na lura akwai wasu siraran farare a gefe-gefen motar taka, ado ne kawai, ba su suke tafiyar da ita ba. Gobe ka ɓamɓaro su a kai masa."

Maƙwabtan suka gyaɗa kai, sun ga shawara ce mai kyau.

Datti ya sunkuyar da kai. Idonsa ya sauka ƙasa, don kada a ga abin da ke cikinsa, sai ya faɗa kan tsohuwar butar nan, a lotse, bakinta a karkace, an toshe gindinta da ƙaro. Da butar roba Alhaji yake alwala shekara da shekaru.

"To, Yaya," ya ce da murya mai laushi. "Amma ga wannan butar ma a kusa. Dalma ce mai kauri, kuma yoyo take. In aka haɗa da 'yan gwangwanaye za ta isa murfi."

Ya miƙa hannu kamar zai ɗauka. Kafin yatsunsa su kai, Alhaji Tukur ya fizge ta ya tura ƙarƙashin babbar rigarsa, da saurin da ba a san yana da shi ba.

"Kai, wannan ba a taɓa ta. Da ita na yi alwala a Arfa. Kai yoyonta kake gani, ni na san abin da take a wurina."

"Haka ne, Yaya," in ji Datti.

Ya bar maganar a nan, a tsakaninsu. Ɗaya daga cikin maƙwabtan ya yi tari ya kau da kai. Carbin Alhaji Tukur ya tsaya cak a hannunsa. Datti ya sa takalminsa, ya rungumi tukunyar ya shige ciki.

A rumfa ya tarar da Khairiyya tsaye a gaban motar tana kallon ramin da ke fuskarta, inda ake hango lagireto da wayoyi. Mahaifiyarta ta gaya mata komai, idanunta sun yi ja.

"Baba, sorry. Duk saboda ni ne. A bar ta kawai, a kai ni a bas ɗin da za a ɗauko."

Datti ya buɗe but ɗin motar, ya sa tukunyar a ciki, ya rufe, ya murɗa makulli ya jefa a aljihu, inda maƙalan suka amsa da ƙara. Sannan ya fara yaye jaridun da ke kan gilashi.

"A cikinta za a kai ki, kamar yadda na ce."

"A haka? Ba haƙora? Duk Gafasa sai sun tambaya."

"Su tambaya," ya ce, yana ninke jaridar a tsanake. "Baffanki ne zai zauna a gaba. Shi zai ba su amsa."