Sanarwar Rasuwar Mai Rai

Almakashin Nevyana ya tsaya cak a cikin gashin Goggo Ginka. A talabijin ɗin da ke maƙale a saman madubi, Yasen ya fito gaban makaɗa da farar riga, ya lumshe ido, ya ɗauko waƙar nan tasa mai kashe jiki. Duk matan garinmu sun san dokar shagon gyaran gashin Nevyana: in ana maimaita "Fitilun Bakin Teku" da la'asar, ko kanki a jiƙe yake sai kin jira. Labarin wasu makaɗa ne a wani gidan cin abinci na bakin teku, masu rera farin cikinsu da ɓacin ransu, kuma Nevyana ta haddace waƙoƙin tas, har ta fi masu shirin iyawa.

A satin nan ne Yasen ya daina ɓoye-ɓoye. Yana gama waƙar ya juya wajen mai kaɗa jita, namiji ɗan'uwansa, ya kama hannunsa a gaban uwarsa da jama'a duka.

"Tir!" in ji Goggo Ginka, tsohuwar da ke sayar da kyandir a coci. Ta yi alamar gicciye a ƙirji. "Ke Nevyana, canza mana tasha. Da rana tsaka, yara na gida, a riƙa haska mana ɗan luwaɗi?"

"Ai mijina ya ce ana tara sa hannu a cire shi," in ji Radostina, matar mai sayar da taya, tana ƙarƙashin na'urar busar da gashi tana latsa waya. "Ko su sa mota ta take shi a cikin shirin, kowa ya huta."

Aka kwashe da dariya.

Da Nevyana ta yi shiru, da maganar ta mutu nan. Mace ce kuwa da ta iya shiru, sana'arta ta koya mata. Sai dai ƙofar baya a buɗe take, ta nan ta hango ɗanta Svilen a tsakar gida yana ɓare gasasshen tattasai, don Satumba ce, gari duk ya ɗauki ƙamshin. Ta ga hannunsa ya tsaya. Shekararsa goma sha tara, bai taɓa ce mata komai ba, ita ma ba ta taɓa tambaya ba. Amma ta daɗe da lura cewa duk sanda Yasen ya fito, yaron kan samo wani aiki kusa da ƙofar nan.

"Wai me ya tsare muku?" ta ce. "Haba Goggo! Ranar da ya yi wa uwarsa waƙa a gadon asibiti, wa ya jiƙa min tawul da hawaye? Shi ne dai, muryar ce dai. Mai gidan abincin nan tun farkon shiri yake jibgar matarsa, ban ji an tara sa hannu ba. Mai ganga ya yaudari 'yan mata kamar me, kuna cewa kyakkyawa ne. Sai wannan da bai cuci kowa ba, don ya daina ƙarya, shi za a take da mota?"

"To fa! Lauya ta iso," in ji Radostina.

Goggo Ginka ta kalle ta ta cikin madubi, ta ƙanƙance ido. "Da ɗanki ne fa?"

Nan ne Nevyana ta yi kuskuren da ƙauna ce kaɗai ke sa mutum ya yi shi. Ta ga ƙofa ta buɗe mata ta faɗa wa yaron abin da ta kasa faɗa masa ido da ido, sai ta ɗaga murya yadda za a ji har tsakar gida.

"Da ɗana ne, da a layin gaba zan zauna, in tafa masa har hannuna ya yi ja."

Sai a lokacin ta lura Radostina ta daina latsa wayar tun ɗazu. A tsaye ta riƙe ta, bayan wayar na kallon Nevyana, tana ɗaukar ta bidiyo.

* * *

Kafin a rufe kasuwa hoton bidiyon ya zagaye dandalin garin na intanet. Mutanenmu kuwa, Allah ya ba su basirar haɗa zance. Wani ya rubuta cewa babu mai kare irin wannan sai wanda ke da shi a gida. Wata ta tuna ba a taɓa ganin Svilen da budurwa ba. Wani ya tuna yana waƙa a ƙungiyar mawaƙan makaranta. Washegari mata uku suka bugo wa Nevyana waya suka fasa zuwa gyaran gashi, wai wani uzuri ya taso musu.

Dobri, mijinta, ya ajiye maganarsa sai da suka zauna cin abinci. Mai gyaran kujeru ne, a ɗakin aikinsa na bayan gida yake wuni, ƙusoshi masu kan tagulla a baki, guduma a hannu. Mutum ne mai tsabtar aiki, ba ya buga ƙusa a karkace. Ya tsiyaya barasar rakiya a ɗan kofinsa, bai sha ba.

"Yau na shiga shagon shayi, aka yi shiru," ya ce. "Tun ina yaro nake shiga shagon nan."

"Zancen talabijin ne fa, Dobri. Wasan kwaikwayo."

"Wasan kwaikwayo." Ya juya ya dubi ɗansa. "Kai kuma, ba ka da ta cewa? Fita gobe ka ce musu ƙarya ne. Kalma ɗaya ta isa. Ce min ni yanzu, in ji da kunnena."

Svilen ya zuba wa farantinsa ido. Nevyana ta roƙi Allah a ranta ya sa yaron ya yi ƙaryar, ita da jiya take yabon mai gaskiya. Bai yi ba. Dobri ya jira, ya jira, sannan ya ture kujera ya koma ɗakin aikinsa.

Tana wanke kwanuka Svilen ya zo ya tsaya a bayanta.

"Na ji ki jiya, Mama."

"Don ka ji na faɗa."

"Na sani. Na gode." Ya ɗauki tsumma ya fara goge faranti. "Amma da kin jira mun rage mu biyu. Yanzu gari duka ya ji."

Tsoro ya shige ta a wannan lokacin, irin wanda ke zama a ciki ya ƙi fita.

* * *

A gaban cocin garinmu akwai wata babbar bishiya da ake manna sanarwar rasuwa. Farar takarda ce mai baƙin layi a gefe, da gicciye a sama, da hoton mamaci, da sunayen waɗanda ya bari. Ana mannawa a bishiyar, a tashar mota, a jikin turakun wuta. Amma ta ƙofar gida, wadda ake ɗaura wa baƙin ƙyalle a sama, mutanen gidan ne kawai ke sa ta da hannunsu, na waje ba ya sa musu. Sanda uwar Dobri ta rasu, shi ya kafe tata a ƙofarsu da ƙusoshinsa, ta shekara a nan ruwa da iska ba su motsa ta ba.

Kowa in zai wuce bishiyar sai ya ɗan tsaya ya ga wa aka rasa. Ranar Asabar da safe, Nevyana na dawowa daga gidan burodi da banitsa, burodin nan mai cuku, da zafinta a takarda, ita ma ta tsaya. Mutanen da ke wurin suka dare mata hanya, ba wanda ya gaishe ta.

Svilen ne ke mata murmushi daga jikin bishiyar. Hoton ranar da ya gama makaranta ne, wanda ita da kanta ta sa a shafinta na intanet. A ƙarƙashi an rubuta: "Ya bar mu yana da shekara goma sha tara." Inda ake sa ranar rasuwa an bar wurin fili.

Banitsar ta faɗi ƙasa. Ta san ta bar shi a gida yana barci, ta sani sarai, amma sai da ta sake karanta sunan. Ta fizge takardar. Da salatif aka manna, a gaggauce, a karkace. Akwai wata a tashar mota, akwai a bangon kantin magani, akwai a kowane turken wuta na layin makaranta. Ta bi su tana yagewa, faratanta na karyewa, wasu samari a kan babura suna biye da ita a hankali.

A bakin gada Kawu Stamen ya tare ta, tsohon malamin da ya koya wa Svilen karatu, idonsa ya yi rauni yanzu. Ya cire hularsa, ya kama hannunta da hannu biyu.

"Allah ya gafarta masa, 'yata. Yaron kirki, ga murya. Yaushe ne jana'iza?"

"Yana raye, Kawu! Yana gida!"

Tsohon ya tsaya da hula a hannu, ya rasa inda zai sa kansa. Wayyo, wannan ta'aziyyar ta gaskiya ta fi duk zagin dandalin yi mata ciwo.

Ta ninke guda ɗaya da ba ta yage ba, ta kai wa ɗan sanda. Ya duba gaba, ya duba baya, ya miƙo mata.

"Wasan yara ne, Madam. An taɓa shi? To kin gani. Ke ma dai ki rage surutu a shago."

Da ta koma gida ta shimfiɗa takardar a teburin cin abinci a gaban Dobri.

"Duba abin da suka yi wa ɗanka. Sun bar wurin rana, Dobri, wurin rana suka bari! Tashi ka je wajen mijin Radostina. Kai suna jin maganarka."

Ya daɗe yana kallon hoton. Ya sa tafin hannu ya goge layin ninkin a hankali, yadda yake miƙar da yadi a kan kujera. Ta ga idonsa ya kaɗa, ta zaci zai tashi ya ɗauki rigarsa.

"Ina da aiki," ya ce.

* * *

Ranar Lahadi aka tsinci mataccen tsuntsu a kwandon keken Svilen. Ranar Litinin baburan nan suka wuni a bakin layinsu. Babu wanda ya zo gyaran gashi, Nevyana ta zauna ita kaɗai a shago, talabijin a kashe. Ranar Talata ta buga wa ƙanwarta da ke Sofiya, babban birni, waya, ta haɗa wa yaron kaya a jaka ɗaya, ta cusa masa kwalabe biyu na miyar tattasan da ya ɓare da hannunsa.

Washegari ta raka shi motar safe mai zuwa Sofiya. Dobri bai fito ba. Svilen ya ƙwanƙwasa ƙofar ɗakin aikin, ya ce, "Baba, zan tafi," gudumar ta ɗan tsaya, sannan ta ci gaba.

A tasha ragowar salatif na nan a jikin bango da ɗan guntun takarda mai ɗauke da hoton gefen kunnensa da gashinsa. Ya gani, ya kau da kai.

"Ni na jawo maka," ta ce. "Ni da bakin nan nawa."

"Bari, Mama. Ke kaɗai ce a garin nan kika ce za ki tafa." Ya yi ƙoƙarin yin dariya. "Ki riƙa ba ni labarin shirin. In suka sa mota ta take Yasen, kada ki gaya min."

"Ba za su taɓa shi ba. Su gwada su gani."

"Zan zo bikin Kirsimeti. Kafin nan Baba ya huce, ko?"

"Zai huce mana. Ubanka ne."

Ta faɗa da iyakar gaskiyarta. Motar ta tashi, Nevyana ta tsaya tana kallo har motar ta sha kwanar gada. Ta ji kewa, amma ta ji sauƙi ma, don ko ba komai ta fitar da shi da ransa. Ta biyo hanya tana lissafin yadda za ta lallaɓa Dobri, ta dafa masa waken da yake so, ta bar shi ya yi fushinsa ya gama. Baburan ma sun bar bakin layin.

Tun daga nesa ta hango baƙin abu a ƙofar gidansu. Ta ƙara sauri, haushi na taso mata, har sun kai ga ƙofarta, marasa kunya! Ta miƙa hannu za ta fizge, sai hannun ya tsaya a iska.

Sanarwar rasuwar ce, amma wannan ba a karkace take ba. A miƙe take sosai, daidai tsakiyar ƙofar, da layin ninkin da ita ta yi da hannunta ranar Asabar. An ɗaura baƙin ƙyalle a sama, ɗauri mai kyau. A wurin da aka bari fili, an rubuta ranar yau da fensirin kafinta. Kowace kusurwa an kafe ta da ƙusa mai kan tagulla.

Ta sa farce a ƙarƙashin ɗaya daga cikin ƙusoshin ta ja. Ƙusar ko motsi ba ta yi ba. Daga bayan gida ana jin gudumar Dobri tana sauka a hankali, babu gaggawa.