Inaf da Ludayin Inna Fulera

A unguwar Dagmanet kowa ya san ba a shiga gidan Inna Fulera da ƙoshi. In ka shiga da shi, kai ka jiyo. A wurinta "na ƙoshi" buɗe ciniki ne kawai: kai ka faɗi naka, ita ta faɗi nata, kuma nata ne ke tsayawa. Har ma'aikacin da ke zuwa duba wutar lantarki ya koyi zuwa lokacin da ta tafi kasuwa.

To, ga wannan mata aka kawo wa jika.

Ɗanta na fari, Illiya, fataucin albasa yake yi daga Tabelot zuwa Gana. Can a Takoradi ya yi aure, aka haifa masa Asiya. Da yake rabin rayuwarsa a saman manyan motoci take, yarinyar ta tashi da yaren uwarta da Ingilishin makaranta, Hausa kuwa ko "sannu" ba ta iya ba. Sai bana, da aka yi hutu, uwar ta yarda a kawo ta Agadas ta ga kakarta.

Illiya kwana ya yi kawai, don motocinsa na jira a Tabelot. Yana ɗaura rawani ya ce, "Inna, ga ta nan. Uwarta ta ce in ta ji daɗin zama, duk shekara za a kawo ta. In ta koma da kuka, shi ke nan."

"Tahi abinka," in ji Inna Fulera, har da ɗan jin haushi. "Wa ya taɓa kuka a gidan nan?"

Ta riga ta yi shiri kamar mai jiran ayari. Akwai cuku, akwai dabino, akwai lemun Timia cikin kwando, ga kaza an yanka. Da rana ta zuba wa Asiya shinkafa da miya, ta zauna gabanta tana kallo, ranta fari fat. Yarinyar ta ci rabi, ta ɗaga tafin hannu, ta ce, "Inaf."

Inna Fulera ba ta tsaya wata-wata ba. Ta yafa mayafi ta tsallaka gidan Issouf, maƙwabcinta, wanda ya yi shekaru yana kai Turawa yawon hamada kafin su daina zuwa. Yanzu babur yake gyarawa a ƙofar gida, kuma ba abin da yake so kamar a tambaye shi Ingilishi.

"Issouf, mine ne inaf?"

Ya ajiye ƙarfen da ke hannunsa, ya gyara zama. "Bon. Yaya Fulera, kin zo wurin da ya dace. Inaf shi ne ya isa. Ça suffit. In ana zuba ma mutum abinci ya ce inaf, ya ƙoshi. In yara sun cika surutu, uwa ta ce inaf, su yi shiru. In ruwan da ke cikin bidon zai kai mu rijiya ta gaba, shi ma inaf ne, wato ya wadatar. Tana da 'yan uwa: akwai safishan, ta masu karatu ce, akwai filanti, wannan kuma in abu ya yi yawa har ya..."

"Dakata. Ya isa ta ce?"

"Awo."

Fuskar Inna Fulera ta washe. "Allah sarki! Ashe uwar ta ba ta tarbiyya. Ɗiya ƙarama haka har ta san kunyar baƙunta!"

"Yaya, ba haka ba ne. Masu wannan harshe in sun ce ya isa, ya isa ɗin suke nuhi. Na taɓa ƙara ma wata Baturiya shayi bayan ta ce inaf, ta zubar da shi a yashi ina kallo."

"Wannan Baturiya ce. Tawa jinina ce."

Ta koma gida da ƙarfinta. Daga ranar, duk inaf ɗin da Asiya ta faɗa, ludayi ne ke amsa mata. Inna Fulera ta tsoma, ta ƙara, tana dariya tana cewa, "Bai isa ba, ƙawata, bai isa ba." Da safe kunu da ƙosai, bai isa ba. Da hantsi fura da cuku da dabino, bai isa ba. Ita kuwa Asiya an koya mata a gidansu ba a barin abinci a kwano, don haka sai ta runtse ido ta cinye. Kakar ta ga kwano fes, ta ce ai ka gani, yunwa take ji, ta ƙara.

Ba a daɗe ba yarinyar ta fara ɓacewa. Da ta ji ƙarar ludayi a bakin tukunya, sai a neme ta a rasa. Wata rana aka same ta a kan soro, wata rana bayan randa. Daga baya ta gano hanyar gidan Issouf, inda matarsa Souwaiba ke saƙar tabarma ba ta tilasta wa kowa cin komai. Inna Fulera tana daga tsakar gidanta tana jiyo dariyar jikarta ta bayan katanga, dariyar da ita ba a taɓa yi mata ba. Abin ya yi mata ciwo ƙwarai, don ba ta san abin da ta rage ba. Ta ƙara yanka wata kazar.

Da la'asar ɗin nan Issouf ya leƙo, yana sosa ƙeya.

"Yaya, yarinyar nan ta ce in kira babanta a portabul, gida take so."

"Mi aka yi mata?"

"Ta ce kina da kirki. Amma ta ce ba ki jin maganarta."

Maganar ta soki Inna Fulera. Ita da take kwana tana tunanin abin da za ta dafa mata! Ta ce ya ba ta zuwa gobe, ta shiga ta hura gawayi don shayi, wai ko kanta zai sake.

Asiya ta dawo a hankali, ta rakuɓe a bakin ƙofa. Da ta ga ba tukunya a wuta, sai butar shayi, ta matso. Kakar ta miƙa mata gwangwanin sukari da cokali, ta nuna mata buta. Yarinyar ta zuba cokali ɗaya. Inna Fulera, wadda shayinta sai ya yi kauri kamar zuma take sha, ta yi abin da ta saba yi duk rayuwarta in ana mata hidima. Ta ɗaga hannu ta ce, "Ya isa." Sai ta tuna, ta gyara: "Inaf."

Asiya ta tsaya cak. Ta mayar da cokali, ta rufe gwangwani, ta kai shi can kan kantar kwanuka, ta dawo ta zauna tana murmushi.

Inna Fulera ta bi gwangwanin da ido. Ta jira a matsa mata, a ce haba Inna, ɗan ƙara. Ba wanda ya ce. Ta tsiyaya shayin ta kurɓa, ɗaci ya kama ta har kunne. Ta dubi yarinyar, ta ga ba rowa ba ce, ba rashin kunya ba ce. Ita dai an faɗa mata magana ta ji, kuma jira take a yaba mata. Nan tsohuwar ta fashe da dariya har da hawaye, ta shanye shayinta mai ɗaci tas, ba ta rage ko ɗigo ba.

Da aka sauke tuwon dare ta zuba wa Asiya kaɗan, abin da a ganinta ko kyanwa ba zai riƙe ba. Ta ɗebo miya.

"Inaf," in ji Asiya, muryarta ƙasa-ƙasa, ta riga ta sadaƙar.

Ludayin yana sama, cike. Inna Fulera kuwa tun da take ba ta taɓa mayar da miya cikin tukunya ba. Ta mayar. Ta kife ludayin a kan faifai, ta ce, "Inaf."

Yarinyar ta dubi kwano, ta dubi kakarta. Ta cinye tuwonta, ta wanke hannu, ba ta hau soro ba, ba ta tsallaka gidan Souwaiba ba. Ta zo ta jingina da cinyar tsohuwar tana wasa da awarwaronta.

Sauran kwanakin suka wuce kamar ba a yi su ba. Issouf ya bayyana wa Asiya yadda "ya isa" take a Agadas, cewa sai an faɗa an sake faɗa kafin a yarda, ta yi ta dariya. Shayin Inna Fulera ya dawo da zaƙinsa. Inaf kuwa ta zama ta gidan: akuya ta sa baki a kwando, inaf, Issouf ya ja bayani ya yi tsawo, inaf.

Ranar tafiya Illiya ya dawo ɗaukar Asiya, aka raka su tasha. Illiya yana can yana fama da kaya, direba yana ta danna oda. Asiya ta ruga ta ƙanƙame kakarta, ta cusa fuska cikin mayafinta. Inna Fulera ta ji idonta ya kawo ruwa, ga mutane suna kallo, kuma ba girmanta ba ne ta yi kuka a tasha. Ta ɗan bubbuga bayan yarinyar ta ce, "To, to. Inaf."

Asiya ta ɗago kai ta dube ta da kyau. Sai ta ƙara matse ta, ta ce da Hausarta ta farko, wadda ta koya a bakin tukunya, "Bai isa ba, Kaka."