Karo a Inji na Uku

Ƙarfe goma sha ɗaya saura kaɗan wata malamar makaranta ta shigo ɗakin wankin ƙoda, takardarta a hannu, ta tarar da wani dattijo kwance a gadon da aka rubuta mata. Jininsa na zagaye cikin bututu, injin na ta ƙugi a hankali. Ta dubi takardar, ta dubi lambar da ke jikin injin. Uku ce, babu shakka.

"Baba, ko kai ne ka yi ɓatan kai?"

"’Yata, tun ƙarfe takwas nake nan," in ji dattijon. "Sai sha biyu za a sake ni."

Sauran injina biyar duk da mutane a kansu. Malamar ta zauna a kujerar bakin ƙofa, ta zare takalmanta saboda kumburin ƙafa, tana jan numfashi da ƙyar.

Babbar nas ɗin sashen, wadda kowa ke kira Sista, ta ɗaga waya ta kira matashiyar da ta rubuta manhajar rabon lokaci. Injiniya suke ce mata. Wata uku da suka wuce ita ce ta tsaya a ɗakin nan ta ce musu su ajiye allonsu na bango, kwamfuta ba ta mantuwa.

Injiniya ta iso, ta shirya shan faɗa. Ganin ƙafafun malamar ya fi mata faɗan ciwo.

"Malama, laifina ne. Ki yi haƙuri."

"Kin san laifinki ne tun kafin ki duba?" in ji Sista. "To zauna ki duba. Malama za ta hau sha biyu da rabi, ni zan tsaya mata har ta gama."

"Amma ƙarfe biyu kike tashi, Sista."

"Yau ba ƙarfe biyu nake tashi ba."

Injiniya ta buɗe kwamfutarta a kan teburin nas-nas, tsakanin kwalin safar hannu da na auduga. Ba ta yi minti goma ba ta gano inda gizo ke saƙar. An fara shigar da sunan malamar a manhajar, daga sha ɗaya zuwa uku. Bayan kwana biyu aka shigar da dattijon, daga takwas zuwa sha biyu. Tambaya ɗaya tak manhajar ke yi wa duk sabon shiga: shin lokacin da zai fara ya faɗa cikin na wani? Ƙarfe takwas babu kowa a kan injin, sai ta karɓe shi. Ba ta taɓa tambayar inda zai ƙare ba.

Ta yi wa Sista bayani, kanta a sunkuye. Sista ta miƙe. Ta je bayan kabad ɗin magunguna, ta jawo tsohon allon, ta goge masa ƙura da gefen hannu. Layi shida ne a tsaye, kowane inji da nasa, safiya a sama, yamma a ƙasa. Har yanzu akwai guntayen kwali maƙale a jiki, kowanne an yanka shi daidai tsawon lokacin mai shi.

"Shekara goma sha tara ina wannan," in ji ta. "Idan zan sa sabon mutum, ba na karanta allon gaba ɗaya. Ina zan ga lokaci? Nakan nemi inda zai faɗa, sai in dubi maƙwabtansa biyu. Na sama da shi, ya gama? Na ƙasa da shi, zan gama kafin ya fara? Shi ke nan."

"Biyu kawai?"

"To tunda a jere suke, kuma babu wanda ya hau wani, wa kuma zai dame ki ban da su?"

Injiniya ta ƙura wa allon ido. An koya mata wannan a makaranta, har ta ci jarrabawa a kansa: a ajiye tazarorin lokaci a jere bisa mafarinsu, cikin tsari mai rassa, wanda ke kai ka wurin da kake nema ba sai ka bi kowa ɗaya bayan ɗaya ba. Da ta zo aiki sai ta zube su haka nan, tana ganin inji shida ba su kai a wahala ba.

Ta taɓa ƙasan wani kwali, inda aka shafa jan biro.

"Wannan jan fa?"

"Rabin awar wanke inji. Shi ma na mai kwalin ne. Manhajarki ba ta san da shi ba, mu muke ta cike mata da ka."

"Kuma ba ku faɗa mini ba?"

"Kin zo da ɗokinki, ’yata. Mun ce bari ki ɗan huce."

Dariya ta kuɓuce wa Injiniya, idonta kuwa ya ciko.

"Saura ɗaya, Sista. Wanda ya ƙare sha biyu da rabi, na bayansa zai iya farawa sha biyu da rabi cif?"

"Zai iya. Mintin nan na mai shigowa ne, ba na mai fita ba."

Injiniya ta rubuta wannan ma. Aka sauke dattijon, aka wanke inji, malamar ta hau. Injiniya tana nan a teburin, ta rushe wancan ɓangaren na manhajar ta sake gina shi: kowane inji da jerinsa, kowane sabo a gwada shi da na gabansa da na bayansa. Da la’asar ta sake shigar da dukan rabon watan, mutum bayan mutum. Sabon tsarin ya ƙi karɓar mutum uku.

Sista ta ba ta wayar sashen. "Ke za ki kira. Ni zan gaya miki inda za a mai da su."

Na farko ya yarda ba musu. Ta biyu ta yi mita, ta kuma yarda. Na uku sunan wata mata ne, ranar Alhamis, amma namiji ya ɗauka. Injiniya ta fara bayani, ya bar ta har ta kai aya.

"Matata ce," in ji shi. "Allah ya karɓi abarsa shekaranjiya. Ban samu sukunin sanar da ku ba."

Injiniya ta yi masa ta’aziyya da muryar da ita kanta ba ta gane ba.

"Sista na kusa? Ki ce mata na gode. Likita ya ce wata biyu ya rage mata, ga shi ta yi shekara da rabi a hannunku, har ta ga jikarta. Ku ba wani gurbin, don Allah, kada ya zauna haka nan."

Sista ta ji komai. Ta juya ta fuskanci taga na ɗan lokaci, sannan ta jawo durowa ta ɗauko wata doguwar takarda, jerin masu jira. Ta ɗora yatsa a kan sunan farko.

"Cire nata tukuna."

Injiniya ta cire sunan marigayiyar daga rabon watan. Ta shigar da sabon sunan a gurbin da Sista ta so mai da marigayiyar, Alhamis, tara zuwa ɗaya da rabi, har da wankin inji. Manhajar ta karɓa. Ta buga lambar, wata mata ta ɗauka, ana jin ƙarar famfo a bayanta.

"Daga sashen ƙoda ne, Mama. An samu gurbi ga ’yarki, jibi da safe."

Ƙarar famfon ta tsaya.

"Sake faɗa mini," in ji matar. "A hankali."